Rijiyar da Ta Mutu a Takarda

A tarihin tsabtar birane, shekarar fari ta tamanin da huɗu shekarar Tasawa ce. A cikinta ne garin ya zama na farko a jihar Maradi da ya tattara matattun fil ɗinsa kaf, ya binne su bisa ƙa'idar kimiyya, a wuri mai zurfi, busasshe, nesa da ruwan sha. Akwai takarda mai hatimi biyu da ta tabbatar da haka, kuma tana rataye a shagon Ƙadri mai gyaran rediyo, sama da teburin da yake narka dalma.

Kafin wannan shekara ba wanda ya yarda cewa fil, 'yan batiran nan na rediyo da tocila, suna mutuwa. Suma suke yi. In rediyo ya fara magana kamar mai mura, sai a zare su a jera bisa katanga su sha rana, da la'asar su farfaɗo su ba da labarai sau ɗaya. In sun ƙi farfaɗowa sai a fasa su. Mushen lakwal, wato malamin makaranta, ya kwaɓa baƙin garin da ke cikinsu ya shafe allon aji, masu jakuna su barbaɗa a gyambon baya, abin da ya rage a watsa a juji. A shekarar kuwa fil sun yi yawa, don kowane gida rediyo a kunne yake wuni, ana jiran a ji ranar da motocin dawar taimako za su iso.

Abin da ya sauya al'amari rago ne. Ajudan Manzo, sojan da aka turo ya kula da rabon taimako, yana da wani farin balami da yake kiwo don layya, wanda ke cin dusa a lokacin da mutane ke tankaɗe ta su yi tuwo. Wata safiya ragon ya tsinke igiya ya bi awakin gari zuwa juji. Awakin sun daɗe da koyon cin takarda tun da ciyawa ta ƙare. Shi kuwa baƙo ne a wannan cima, ya haɗa da kwalin fil da abin da ke cikinsa, kafin la'asar ya miƙe ƙafafu. Awaki sun yi wata da watanni suna mutuwa a jujin nan ba wanda ya farke cikin ko ɗaya. Shi an farke nasa, an ga baƙi, kuma kafin mako ya zagayo an kafa Kwamitin Yaƙi da Matattun Fil. Ajudan ne shugaba. Ishaƙu, wani ma'aikaci da ake ara duk lokacin da ake neman mai kyan rubutu, shi ne sakatare. Ƙadri ɗan Na Allah aka naɗa masanin kimiyya, tun da shi kaɗai ne a gari yake buɗe cikin rediyo ya mayar ba tare da ƙusa ta yi saura ba.

Ƙadri yana da shekara arba'in da shida, da matarsa Zara'u, da wani abu da yake ɓoyewa. A bayan gidansa, can bakin gari ta hanyar Kona, akwai garka da aka kewaye da darni. Cikinta akwai bishiyar lemun tsami guda, da rijiya gaba goma sha takwas da kakansa ya haƙa. Rijiyar ta ja baya kamar sauran, amma ba ta ƙafe ba, kullum tana tara abin da zai cika guga biyar. Wata uku kafin mutuwar ragon an yi ƙidayar rijiyoyi, aka ce duk wadda ke da ruwa za a buɗe ta ga unguwa. Ƙadri ya ga abin da ya sami ta Bawa mahauci. An buɗe ta ranar Talata, guga sittin suka sauka a kanta, ranar Juma'a laka ake ja, Asabar ta rufta. Don haka da mai ƙidaya ya zo, wanda ba kowa ba ne sai Ishaƙu, ɗan kawunsa kuma taubashinsa, Ƙadri ya ce tasa ta mutu, ya sa hannu a takarda.

Tun daga nan sai da tsakar rana yake jan ruwa, lokacin da zafi ya kwantar da kowa, a hankali, kada guga ya bugi bango. Uku na gida, ɗaya na lemu da akuya. Na biyar na Inna A'i ne, tsohuwar maƙwabciyarsu mai ciwon gwiwa, wadda ke turo ƙwaryarta ta wata kafa a ƙasan darni, ta janye ta a cike, ba ta taɓa tambayar daga ina ba.

A zaman farko na kwamiti, ƙarƙashin itacen bedi, dogon yaron da ake rabon dawa a inuwarsa, Ajudan ya ce masani ya yi bayani. Shekara ashirin Ƙadri na gyaran rediyo ba wanda ya taɓa tambayarsa komai ban da yaushe za a zo karɓa. Ya miƙe ya gyara wuyan riga. Ya yi maganar gubar da ke cikin fil, da yadda take tsatsafowa in ta ji danshi, da yadda take bin ƙasa sannu sannu har ta tarar da ruwa. Ya sa Faransanci har a wuraren da Hausa ta wadatar. Ya rufe da cewa ba a ƙona su, ba a zuba su a masai, sai dai a binne su a rami mai zurfi, busasshe, nesa da ruwan sha.

"Rubuta, sakatare," in ji Ajudan. "Mai zurfi, busasshe. Voilà. Wanga shi ne mai ilimi."

Ranar Ƙadri ya bi doguwar hanya ta kasuwa zuwa gida, don ya gaisa da mutane.

Sanƙira ya kewaya gari ya ce duk maigidan da zai karɓi dawar taimako sai ya zo da matattun fil a hannu. Gari ya tashi tonon juji. Mutanen Kona da Korgom suka kawo nasu cikin buhuna bisa jakuna. Wanda ba shi da matacce ya zare mai rai daga rediyonsa ya kawo, har gari ya yi tsit, aka daina jin labarin fari. Wasu suka haɗo da rediyon ma, da fasassun tocila, ko a ƙara musu awo. Cikin mako uku tsibi ya kai ƙirjin mutum, yana zufa a rana, yana wari kamar tsohon kwano da aka manta da tsamiya a ciki.

Sai maganar rami ta taso. Majiya ƙarfi sun tafi cin rani, waɗanda suka rage in sun ɗaga diga sau uku sai su nemi inuwa. An haƙa gaba ɗaya a bayan gari, rairayi ya rufta ya mayar da shi yadda yake. A zama na huɗu Ajudan ya buga sandarsa a tebur.

"Mi ya sa za mu haƙa rami a garin da Allah ya cika da ramu? Sakatare, kawo rajistar rijiyoyin da sunka mutu."

Ishaƙu ya buɗe ya fara karantawa. Ta farko tana ƙofar masallaci, liman na sa ran a yashe ta. Ta biyu ta alhajin da ke ara wa kwamiti kamyo ce, babbar motarsa ta kaya. Ta uku ta rufta, ta huɗu ba ta da zurfi. Da ya zo ta biyar sai tari ya kama shi, yatsansa ya zame zuwa ta shida. Ajudan ya miƙa hannu ya karɓi littafin.

"Ƙadri Na Allah. Gaba sha takwas. Bakin gari. Tarie définitivement, ta ƙafe har abada." Ya ɗago kai yana murmushi. "Ta masaninmu ce ma. Shi ya ba da shawara, shi ya ba da rami. Ku tafa masa."

Aka tafa. Ƙadri ya miƙe tsaye.

"Mon ajudan," ya ce, "rijiyar gado ce. Wata shekara, in damina ta yi kyau…"

"In damina ta yi kyau mi?"

"Akan ga wasu sun dawo."

"Takarda ta ce har abada. Wanga sa hannunka ne?"

"Nawa ne."

"To ko ta mutu, ko ka yi wa hukuma ƙarya ka ɓoye ruwa cikin fari. Wanne ne?"

Duk wanda ke ƙarƙashin bedin nan ya tuna da Ayuba mai hatsi, wanda aka sami gero a ɗakin matarsa bayan ya rantse babu. Ajudan ya zaunar da shi tsakiyar kasuwa da buhu a ka daga hantsi har la'asar, sannan aka sa shi a kamyo aka yi arewa da shi. Wata uku ke nan, matansa sun fara sayar da kwanonin jere.

"Ta mutu, mon ajudan," in ji Ƙadri.

Aka sa ranar Alhamis ta sama, kwana takwas. Ajudan ya ce baƙi za su zo daga Maradi.

Ƙadri ya tarar da Zara'u a tsakar gida tana tsince ƙwari daga jar dawar taimako. Ya tsuguna ya faɗa mata duka, tun daga bedi har tafi. Ba ta daina tsinta ba.

"Wa ya ce a binne su a rami mai zurfi?"

"Ni."

"Wa ya ce rijiya ta mutu?"

"Ni."

"To, Malam, ni mi zan ce? Kai da kanka kun gama shawara." Ta hura ƙaiƙayi daga faifai. "Ka tafi wajen Ishaƙu. Alƙalamin da ya rubuta shi ke gogewa."

Washegari ya same shi a ɗan ɗakin da kwamiti ke ajiye takardu, yana fifita da rajistar rijiyoyi.

"Bawana ya zo gaida ubangidansa," in ji Ishaƙu. "Zauna ƙasa, kujera ta 'ya'ya ce."

Ƙadri bai rama ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun suna lakwal. Ya ce, "Game da rijiyar nan, akwai abin da…"

Ishaƙu ya tashi ya rufe taga.

"Kada ka gaya mini abin da ban sani ba."

"Ai ka sani."

"Ban sani ba. Ranar da na zo ƙidaya Zara'u ta ba ni ruwa a moɗa, mai sanyi, da ɗan ɗanɗanon laka. Ruwan fanfo ba shi da ɗanɗanon laka. Na sha, na ce ta ƙaro. Sannan na rubuta définitivement da hannuna don kada wani ya dawo ya leƙa. Alheri na yi maka, mon cher. In ka buɗe baki kamyo guda za mu hau, ni kuma ba ni son doguwar tafiya da bawa."

"A canza layi. A ce gaba huɗu ce."

"Rapor, rahoton kwamiti, ya tafi Maradi jiya, kwafi uku."

"To a zuba su cikin tano, irin gangar man nan ta ƙarfe, a liƙe baki kafin a saukar."

"Tano nawa ka gani a garin ga da ba ruwa ake ɗauka da shi ba?"

"Siminti. A dama a zuba ƙasa ya zama marfi."

"Tun da aka rufe iyaka ka ga buhun siminti? In ka gani ka gaishe shi."

"In ce akwai iskoki a ciki."

"Na riga ka. Ajudan ya ce iskoki ba su cikin rajista."

A waje wani jaki ya yi kuka rabi ya fasa. Ishaƙu ya koma kujerarsa, ya daina fifita.

"Ka yi tunanin ƙara?"

"Wace ƙara?"

"Na ga tsarin biki. Za a tsai da ganga, kowa ya yi shiru, Ajudan ya jefa fil na farko da hannunsa gaban baƙi. Gaba sha takwas, Ƙadri. Ka san abin da kunne ke ji in abu ya faɗa ruwa daga gaba sha takwas."

Ƙadri ya sani. Da tsakar rana ya shiga garka, ya tsinci tsakuwa, ya sake ta a bakin rijiya. Ta daɗe tana tafiya, sannan ta ce tsulum, ƙarar ta hau bango ta fito sarai kamar an buga ƙwarya. Tun yana yaro yake jefa tsakuwa don ya ji wannan, ubansa na korarsa da igiyar guga. Mutum ɗari biyu za su ji ta ranar Alhamis.

Ya daɗe tsaye. Ya duba ta kowace fuska yadda yake duba rediyon da ya ƙi magana, waya bayan waya, bai sami inda zai sa dalma ba. In ya faɗi gaskiya, kamyo. In ya yi shiru, tsakuwar Ajudan za ta faɗa a madadinsa, kamyo kuma, har da Ishaƙu. Hanya ɗaya ta rage, ita ce ranar Alhamis rijiyar ta kasance abin da takarda ta ce.

Kwana uku suka yi suna jan duk abin da ta tara, har na ƙasa mai kauri da sai an tace da ɗankwali. Suka cika randa biyu da tulu da tukunyar tuwo da buta, har da kwanon sha na aure da Zara'u ba ta taɓa saukewa daga jere ba. Ranar Litinin Ƙadri ya ɗauko shebur ya fara haƙa a ƙuryar garka. Shi ke cikawa, Zara'u ke ɗauka a babban kwano ta kai bakin rijiya ta juye.

Kwanon farko ya sauka da wata ƙara kamar an mari ruwa. Zara'u ta tsaya da kwano a hannu tana kallon ƙasa.

"Ci gaba," ya ce, bai dube ta ba.

Sai da tsakar rana suke aikin, don kada a gani. Rairayin na ƙona tafin ƙafa, sheburin na ƙona hannu. Rijiyar kuma ba ta yarda da sauƙi ba. Su zuba kwano talatin, tsakuwa ta ce taɓ cikin laka, su je su kwanta, washegari ruwa ya ratso rairayin ya hau sama ya kwanta fes, tsakuwa ta sake cewa tsulum. Wata huɗu Ƙadri na roƙon Allah ya ƙara mata ruwa. Yanzu ya sami kansa tsaye a bakinta yana jin haushin taurin kanta.

Ranar Talata, yana cikin haƙa, murya ta zo ta ƙasan darni.

"Ɗan Na Allah, gini kake?"

"Ɗan gyara ne, Inna."

"To, Allah shi taimaka." Har ya zaci ta tafi sai ta ƙara da cewa, "Kakanka wata bakwai ya yi yana fid da ƙasar nan. Ina 'yar yarinya, ni ke kai masa fura."

Ta turo ƙwarya. Zara'u ta cika mata daga randa.

Ranar Laraba bayan azahar tsakuwa ta ce dif. Ya jefa ta biyu da ta uku, duk dif. Ya ƙara kwano goma don kada ta canza ra'ayi kafin safe. Da ya koma ɗauko shebur sai ya ga inda suka yi ta ɗiba ya zama rami, ya wuce tsayinsa, faɗinsa ya isa ɗaki, ga shi a bushe ƙamas. Ya tsaya cikinsa yana dubawa. Rami ne mai kyau, irin wanda kwamiti ya yi mako biyu yana nema. Sai dai duk wanda ya gan shi zai tambayi inda ƙasar ta tafi. Suka gitta itace, suka rufe shi da zana, suka ɗaure akuya a gefe.

Alhamis da hantsi amalanke shida suka shigo unguwa a jere, makaɗa na gaba. Aka kwance darni ta gefen hanya don su sami shiga. Baƙin Maradi su biyu ne, ɗaya da jaka, ɗaya da tabarau. Unguwa duka ta fito, garkar da wata huɗu ba wanda ya taka sai mutum biyu ta cika maƙil. An sa wa Ƙadri kujera a sahun gaba, kusa da Ishaƙu, wanda tun da ya zauna yake nazarin farcen yatsunsa.

Ajudan ya kewaya rijiyar sau ɗaya, hannu a baya. Sai ya tsaya gaban lemun tsami. Duk garin ba ganye kore sai na bedi, ita kuwa ga ta shar, har da 'ya'ya. Ya tsinki ganye ɗaya ya murza ya sansana.

"Masani. Rijiya matacciya, itace kore. Yaya kimiyya ta ce?"

Ƙadri ya miƙe. Faransancin da ya yi masa yawa ƙarƙashin bedi ya nema ya rasa ko kalma.

"Ruwan alwala ne, ɗana soja," in ji Inna A'i daga inda aka zaunar da ita a kan turmi. "Nan yake alwala. Mutumin ga ba ya wasa da salla, har nafila."

Ajudan ya juya ga baƙi ya fassara musu, ko da yake sun ji. Ya ce a rubuta a rapor, misali ne na tattalin ruwa. Ba wanda ya yi dariya. Ƙadri ya dubi fuskokin 'yan unguwa ɗaya bayan ɗaya, ya ga ba mai mamaki a cikinsu. Bawa mahauci, wanda ke tsaye bayan kujerarsa, ya sunkuyo kamar zai gyara takalmi.

"Wata huɗu ba a ga Zara'u a layin fanfo ba, Malam Ƙadri," ya ce a hankali. "Mun ce ku sha, ba mu gani ba. Tawa dai an sha ta kwana huɗu kafin ta mutu."

Ya miƙe ya koma kallon gaba.

Ajudan ya yi jawabi. Ya ce fari jarrabawa ce, kuma al'ummar da ta san inda take zuba sharar zamani ita ce ta san inda ta dosa. Ya ce wata rana ruwan sama zai dawo, kuma a ranar jikokinmu za su sha ruwa mai tsabta su gode wa wannan kwamiti. Sannan ya ɗaga hannu, ganga ta tsaya. Aka miƙo masa fil guda a kan faranti. Ya riƙe shi bisa bakin rijiya, ya jira mai tabarau ya matso, ya saki.

Ƙadri ya ƙirga a zuciya kamar yadda ya saba tun yana yaro. Ishaƙu ya rufe ido.

Dif.

Aka tafa, ganga ta tashi. Ajudan ya ce masani ne zai juye kwandon farko, don girmamawa. Ƙadri ya ɗauka ya juye. Bayansa aka jawo amalanke ɗaya bayan ɗaya. Fil suka yi ta gangarawa da ƙara kamar ƙanƙara bisa kwano, da tocila, da gawarwakin rediyo, wasu ya gane su, akwai wanda ya gyara sau huɗu. Baƙar ƙura ta taso daga ciki ta sauka kan ganyen lemu. Kafin azahar an gama, an bi da ƙasa, an ɗora tsohuwar ƙofar mota a baki an danne da duwatsu. Mai jaka ya riƙe hannun Ƙadri da hannu biyu ya ce ƙasa na bukatar irinsa.

Takardar yabo ta iso bayan kwana tara, ranar da randa ta biyu ta kai ƙasa. Ishaƙu ne ya kawo ta shago da kansa, ya ajiye a tebur, ya ce hatimi biyu ne, ko shi bai taɓa samun mai biyu ba. Bai kira shi bawa ba, bai kuma zauna ba.

Washegari Ƙadri ya dawo gida cin abincin rana da takardar a hannu, don Zara'u ta gani kafin ya rataye ta. Bai same ta ba. Tun da safe ta naɗa gammo ta ɗauki bokiti ta tafi fanfo, can ƙetaren gari bayan tasha, inda layin garewani da tuluna ke farawa tun daga bakin kwalta, kuma sabon zuwa a ƙarshe yake tsayawa. Ya zauna a inuwar katanga ya jira. Lemu ya fara zubar da ganye, akuya na tsinta.

Sai da aka kira azahar ta shigo, bokiti a ka, tana tafe a hankali kada ya zuba, jijiyoyin wuyanta sun fito. Ya tashi ya taya ta saukewa. Ruwan bai kai baki ba.

"An kawo takardar," ya ce.

"Madalla." Ta dube ta daga nesa, don hannunta da danshi. "Ka ajiye ta inda akuya ba ta kaiwa."

A ƙasan darni, ta kafar nan, ƙwarya ta leƙo kamar kullum. Zara'u ta ɗauki moɗa ta cika ta daga bokitin, ta tura ta baya. Ta juye sauran a randa, ya tsaya a ƙasa, bai rufe ko gindin moɗa ba. Ta warware gammon ta sake naɗa shi da kyau, ta ɗauki bokiti ta fita.